Ban Sa Hannu a Lamba Tara Ba

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Maman yara ce ta ba ni wannan littafi, ragowar na makarantar 'yarmu. Ta ce tun da na dawo nake maimaita magana ɗaya, kunnenta ya gaji, in je in gaya wa takarda, ita ce ba ta da tukunya a wuta.

To, takarda, ba zan gaya miki abin da ya faru ba. Kirista ba ya riƙe mutum a zuciya. Abin da zan ce kawai, shekara ashirin da biyu ke nan ina babban makanike a kamfanin motocin dogon zango, kuma ba motar da ke fita da fasinja sai na shiga rami na duba ƙarƙashinta, na sa hannu a takarda. Yau na shiga ƙarƙashin mota Lamba Tara, na fito, ban sa hannu ba. Manaja ya turo mini biro sau uku, sau uku ina mayar masa. A na ukun biron ya faɗi ƙasa. Muka tsaya muna kallonsa, ba wanda ya sunkuya.

Ba na jin haushi.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Na iske an canza kwaɗon ɗakin kayan aiki. A bakin ƙofa an ajiye mini bokiti da soso da tiyo. Wai daga yau ni ne shugaban sashen wanke motoci. Na tambaya su wa ke ƙarƙashina, aka nuna mini bokitin.

An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Haka ne. Amma ba wanda ya taɓa cewa ruwan sabulu ba ya shiga masa takalmi.

Laraba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Sun raɗa mini suna: Fasto Birki. Laifina ne. Ranar Litinin da Manaja ya ce, "Baba, sa hannu ne fa kawai, ba rantsuwa ba," sai na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni mai bin Yesu ne, hannuna ba ya faɗin abin da idona bai gani ba." Na ɗauka mu biyu ne a ofishin. Ashe taga a buɗe take, direbobi uku na shan shayi a gindinta.

Yanzu ko na wuce da bokiti sai wani ya taka ƙafa a ƙasa ya ce, "Tsiii! Amin!" Har Ba-Komai yana dariya, mutumin da ni na koya wa riƙon sifana. Muna ce masa Ba-Komai ne don ko inji ya kama wuta a gabansa abin da zai ce ke nan. Shi aka ɗora a kujerata.

Tun da ba zan faɗi abin da ya faru ba, bari in faɗi abu ɗaya don kada in manta: bututun man birki ba a ɗaure shi da robar tayar keke. Ko a ina. Ko wa ya ce.

Alhamis, da safe

Na wanke mota shida. Ba na jin haushi. Bayana ne ke ji.

Jumma'a, ƙarfe bakwai na yamma

Auta ya zo. Ƙanin Maman yara ne, kuma shi ne direban Lamba Tara. Kwana biyar motar na ajiye, shi ma yana ajiye. Ya shigo bai gaishe ni ba, ya gaishe da yayarsa sau biyu don in ji. Ya zauna a kujerata, ya ci abincin da aka rufe mini.

Da ya ƙoshi ya ce, "Yaya, ni me na yi maka?"

Na ce, "Kai ba ka yi mini komai ba. Motarka ce ba ta tsayawa."

"Tana tsayawa! In ka taka sau huɗu tana tsayawa."

"In akuya ta shigo hanya, za ta jira ka ƙirga huɗu?"

Ya juya wurin yayarsa. "Kin ji shi ko? Duk garejin nan shi kaɗai ne zai shiga sama. Mu 'yan rakiya ne."

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda ya hana a sayo bututu yana can ofis cikin sanyi, ni ake cinye wa abinci. Maman yara sai goge tebur take yi, teburin da ta riga ta goge. Bayan ya tafi na ce, "Ke kina bayan wa?" Ta ce, "Ina bayan tsintsiya. Ɗaga ƙafarka."

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Fasto ya yi wa'azi a kan masu shan tsanani saboda gaskiya. Ina jin kan maganar na gyara zama, na ɗan sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Ya ce, "A cikinmu nan akwai wanda ake tsangwama a wannan mako, bai buɗe baki ba." Na rufe ido. Na ji mutane na juyowa. Na buɗe ido, ashe wata gwauruwa suke kallo a bayana, wadda dangin mijinta suka kore ta daga gida don ta ƙi barin zuwa coci.

Na ji kunya. Sannan na ji haushin Fasto kaɗan. Sannan na ji kunyar haushin. Duk kafin a zagayo da kwanon baiko, inda muke zuba kuɗin coci.

Bayan sujada wani dattijon ikilisiya ya ja ni ƙarƙashin bishiya. Abokin Manaja ne, tare suke kallon ƙwallo. Ya ce, "Ɗan'uwa, bangaskiya da hikima tare suke tafiya. Ka sa hannu, ka ɗora hannu a kan motar ka yi addu'a. Ka ga ka yi biyayya ga na sama da kai, ka kuma ba Allah wurin yin aikinsa." Na ce masa zan yi tunani. Na yi tunanin. Na tuna ya sayar da motarsa bara don gilashin taga ɗaya ba ya sauka.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Manaja ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera mai laushi da lemo mai sanyi. Ya ce ni kamar uba nake a wurinsa. Ya ce Lamba Tara dole ta fita ran Asabar, akwai waɗanda ke sama da shi da suka ce dole, kuma bututun sai ƙarshen wata. Ban san su wane ne na saman nan ba, ban kuma san me ke cin su ba.

Sai ya ce, "Baba, ba kai ne mai bangaskiya ba? Ba ka yarda Allah zai iya tsare mota ba?"

Na ce, "E to."

Abin da na ce ke nan. E to. Sai da na hau keke na kai rabin hanya amsar ta zo mini: Allah da ya ba mu addu'a, shi ya ba mu ido. Na faɗa da ƙarfi a kan titi, wata mai sayar da lemo ta ce, "Amin, Baba, nawa za a ba ka?"

Amma ban sa hannu ba. Lemon Manaja kuwa na shanye. Ina fata wannan ba cin amana ba ne.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Mama, surukata, ta iso jiya da jaka biyu. Ta ce ba za ta tafi ba sai an saki ɗanta. Kamar ni na ɗaure shi a turke.

Tun asuba take addu'a a falo, da murya irin wadda maƙwabta ke cewa amin. "Ya Ubangiji, akwai taurin kai a gidan nan. Ban kama suna ba, ka san shi. Yana sa wando mai bakin mai. Ka tausasa shi kamar yadda ake tausasa nama!" Ta ce azumi take yi a kaina har sai na tuba. Na duba leda, burodina ya ragu da rabi. Ta ce azumin daga ƙarfe tara yake farawa.

Laraba, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Ba wanda ke zama kusa da ni lokacin cin abinci, sai Baba mai gadi. Musulmi ne, ya girme ni da shekara goma, ba ma wata hira sai gaisuwa. Yau ya kawo shayinsa ya raba biyu, ya miƙo mini a murfin fulas. Muka sha tare.

Da zai tashi ya ce, "Jikata a motar nan take zuwa makaranta in an koma hutu. Da na ji kai ke dubawa, ban taɓa tambaya ba." Ya karɓi murfinsa ya tafi.

Na koma bayan mota na kunna tiyo sosai. Ruwa ne ya fantsamar mini a fuska.

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ba-Komai ya sa hannu. Na ga takardar manne a gilashin Lamba Tara lokacin da nake wanke motar. Ko ramin bai shiga ba, rigarsa fes.

Jumma'a, ƙarfe shida na yamma

Na je ɗakin Auta. Ban je da wa'azi ba. Na ce, "Ƙanena, kada ka tafi." Ya ce in bai tafi ba wani za a ba, shi kuma a sallame shi, ga matarsa da ciki wata takwas. Gaskiya ya faɗa.

Sai na ce, "To saurara. Ka tafi da man birki galan guda, kana tsayawa ka duba. In ka kai dogon gangaren nan na bayan gada, ka sauka giya tun daga sama, kada ka jira. In ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai, kada ka kashe inji. Ka nemi yashi ko ciyawa a gefe, ka tura motar ciki."

Ya ce, "Yaya, shekara tara nake tuƙi."

Na ce, "Maimaita mini."

Ya yi tsaki. Amma ya maimaita.

A hanyar gida Shaiɗan ya raka ni, ya kawo shawara mai kyau ƙwarai: ƙusa huɗu, taya huɗu, ba wanda zai sani. Na daɗe ina sauraronsa, don ya san aikin mota. Amma wanda ya ƙi ƙarya da biro ba zai yi ta da ƙusa ba. In zan yi magana, da rana zan yi, da bakina.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na yi.

Ƙarfe bakwai, fasinja sun cika, na ajiye bokiti na hau matakalar Lamba Tara. Na ce, "Jama'a, ku gafarce ni. Birkin motar nan ba shi da lafiya. Ni na duba, na ƙi sa hannu."

Wani mai babbar riga a kujerar gaba ya dube ni daga takalmin roba har soso, ya ce, "Kai ba mai wankin mota ba ne?"

Na ce, "Yanzu dai, e."

Motar ta fashe da dariya. Wata ta ce, "Mai wa'azi ne, ku ba shi sadaka ya sauka." Wani ya ce in goge masa taga tun da na hau. Mutum ɗaya ce ta sauka, wata tsohuwa da kwandon kaji. Ta ce ita ba don maganata ba, dama tun da ta ga idon direba jikinta bai ba ta ba. Sannan ta ɗora mini kwandon a ka, ta ce in kai ta wata tashar tun da ni na jawo.

Kafin in kai ƙofa Manaja ya fito yana ihu. Ban ji abin da ya ce ba, kaji na kuka a kaina. Na dai ji ƙarar Lamba Tara ta fita. Auta bai dube ni ba.

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

An ce in tafi gida sai an neme ni. Maman yara na share tsakar gida tun ɗazu, wuri ɗaya. Wayarta na cikin zaninta, tana taɓawa tana sakewa. Mama ta daina addu'a a kaina. Yanzu a hankali take yi, sunan ɗanta kawai nake ji.

Yanzu ya kamata su kai gangaren.

Zan rubuta wani abu, in na gama wataƙila in yage shafin. Ɗazu ina durƙushe ina roƙon Allah ya kai su lafiya, sai na ji wata murya can ƙasan zuciyata tana cewa: amma da motar za ta ɗan gogi bango kaɗan, ba wanda ya ji rauni, fitila ɗaya ta fashe, don dai mai babbar rigar nan ya sani. Muryata ce. Mutum sittin a mota, da ƙanin matata, ni kuma ina neman a ce na yi gaskiya.

Ya Yesu, ka ji tausayina. Su yi mini dariya har in mutu, su dai isa.

Asabar, ƙarfe biyar da kwata na yamma

Sun isa. Auta ya bugo wa yayarsa, kalma biyu, ya kashe. Mama ta yi guɗa, ta zagaya falo da rawa, ta tsaya a gabana ta ce, "To, annabi?"

Na ce, "Mun gode Allah, Mama." Kuma har cikin raina na faɗa. Na ci abinci kwano biyu.

Lahadi

Na je coci. Na zauna a baya, kusa da gwauruwar nan. Ta san waƙoƙin duka ba littafi.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Takardar sallama layi uku ce. Wai na tayar da hankalin fasinja da ɓata sunan kamfani. Shekara ashirin da biyu, layi uku, kuma sun yi kuskure a sunana.

Lamba Tara ta dawo jiya, tana tsaye a fili, ciyawa maƙale a ƙarƙashin bambarta. Na so in leƙa, na tuna ba aikina ba ne. Direbobi na ta tafi, "Fasto Birki, ina hatsarin?" Ba-Komai ya biyo ni ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri, ba komai." Na ce masa, "Akwai komai. Ka riƙa shiga rami." Ya sunkuyar da kai.

Na turo kekena zan fita ta ƙaramar ƙofa, Baba mai gadi ya ce in dakata. Ya je ya zare sakata, ya buɗe babbar ƙofar gaba ɗaya, ganye biyu, wadda ake buɗe wa motoci. Na fita ta tsakiya da keke da akwatin sifana.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Na gyara famfo, da ƙofar bayi, da fanka, da keken ɗinkin Maman yara wanda ta ce lafiyarsa ƙalau kafin in taɓa. Ta ce in na kusanci rediyonta za ta koma gidansu. Na tuna mata gidansu na falonmu, tun da Mama na nan.

Da safe ina ji tana gaya wa maƙwabciya, "Korarsa aka yi don ya ƙi ƙarya." Da wata irin murya ta faɗa, kamar mai cewa an ba ni sarauta. Ni ba ta taɓa gaya mini ba. Da na shigo ta ce na bar sifana a kan gado.

Ina tsoro, takarda. Wa zai ɗauki ɗan shekara hamsin da huɗu da ake ce wa Fasto Birki?

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Auta ya zo. Ya gaishe ni har ƙasa. Aka kawo abinci bai taɓa ba, nan na san akwai magana.

Ya ce, "Yaya, a gangaren nan ƙafata ta tafi ƙasa. Babu komai, kamar na taka iska."

Mama ta ajiye cokali.

"Dama na sauka giya tun daga sama. Na ga tarin yashi a gefe, bayansa ciyawa, na tura motar ciki. Ta tsaya. Fasinja suka ɗauka fitsari ya matse ni, har wani mai babbar riga yana zagina wai ba ni da tarbiyya. Na sauka, na zauna a ciyawa. Na sake ɗaure robar, na juye man nan duka, muka ƙarasa kamar masu rakiyar gawa. Da na gaya wa Manaja ya ce in rufe bakina."

Na buɗe baki. Kalmomi uku na nan a kan harshena, sun yi wanka sun sa kaya tun kwana goma: na faɗa maka. Maman yara ta dube ni. Na ce, "Ci abinci."

Ya ce bai gama ba. Yau da safe an ce ya sake fita da ita ran Asabar. Sai ya shiga rami da kansa, ya kwance bututun da robarsa, ya kai ofis ya ajiye a kan takardun Manaja, mai na ɗiga, ya ɗora makulli a kai. An sallame shi kafin ya kai ƙofa.

Mama ta dube shi, ta dube ni, ta ɗaga hannu sama. "Ya Ubangiji, na roƙe ka ka cire taurin kai daga mutum ɗaya, ka raba wa biyu?" Sai ta fashe da kuka, ta kama kan Auta tana shafawa kamar jariri. Can ta tura mini naman da ke kwanonta, ba ta dube ni ba.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe goma na safe

Mun share gindin bishiyar bakin titi, ni da Auta, mun jera sifana a kan buhu. Tun ƙarfe bakwai mota ɗaya ce ta tsaya, hanya mai ita ke tambaya. Auta ya rubuta allo da gawayi: FASTO BIRKI, ANA GYARA. Na ce ya goge. Ya ce sunan ya riga ya zagaya gari, asara ne a bar shi.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Baba mai gadi ya biyo ta wurinmu a kan hanyarsa ta gida. Ya ce Lamba Tara ba ta fita ran Asabar ba, direbobi uku aka ba makulli, kowa ya ce cikinsa na ciwo. Jiya aka kawo sabon bututu, wanda aka ce sai ƙarshen wata. Ba-Komai ya shiga rami ya ɗaura, ya fito baƙi ƙirin, ya sa aka gwada ta sau biyar a fili kafin ya taɓa biro.

Na ce, "Manaja ya ambace ni?"

Ya ce, "A'a."

"Ko wani ya ce a kira ni?"

"Ba wanda ya ce."

Na jira in ji zafi. Ya ɗan zo, bai zauna ba. Gobe da safe mutum sittin za su hau motar nan, ba wanda ya san ni a cikinsu, direba zai taka sau ɗaya ta tsaya. Na gode wa Allah a nan gindin bishiya, da ƙarfi, har Baba ya ce amin.

Yau mun gyara keke ɗaya da baro ɗaya. Mai baron ya ce zai dawo da abokinsa.